Rake, Bit da Baitulmali: Tarihin Rigimar Ƙasashe Kan Tallafin Sukari

Zamanin rake shi kaɗai

Kafin gwamnatoci su fara kai ƙarar juna a kan sukari, rake kaɗai duniya ta sani. Masana sun fi karkata ga cewa a tsibirin Niyu Gini aka fara noma shi, shekaru dubbai da suka wuce, daga can ya bi teku har Indiya. Mutanen wasu tsibiran Fasifik suna da hikayar da ke cewa daga karan rake 'yan Adam na farko suka tsiro, amma wannan zancen kunne ya girmi kaka ne. Abin da ke rubuce shi ne, wajen shekara ta 325 kafin haihuwar Annabi Isa, Niyarkus, kwamandan jiragen ruwan Iskandar na Girka, ya kawo labarin wani kara a Indiya mai ba da zuma ba tare da ƙudan zuma ba. Indiyawa ne suka gano dafa ruwan rake har ya daskare, ya zama hajar da za a ɗaure a kai nesa. Farisawa suka koya, Larabawa suka kai shi Masar da Maroko da Sisili da Andalus.

Turawan Fotugal ne suka mayar da noman rake aikin bayi a kan babban sikeli. A ƙarni na 15 suka dasa shi a tsibiran Madera da Sawo Tome. A 1493 Kolombus ya tsallaka da shi Karibiyan, kuma ƙarni na 16 bai ƙare ba sai da Brazil ta zama uwar sukarin duniya. Daga shekarun 1640 Ingila ta mayar da Barbados gonar rake guda, Jamaika ta biyo baya, Faransa ta yi haka a inda ake kira Haiti yau. Hannun da ya sare wannan rake na Afirka ne, har da na Hausawa. Waɗanda aka kai Bahiya, yankin raken Brazil, sun shirya tawaye a 1807, aka sake tashi a 1809 da 1814, kuma takardun hukumomin wurin sun ambace su da sunan ƙabilarsu.

Tun a wannan zamani ba a taɓa barin sukari ga kasuwa kawai ba. Kowace daula tana tilasta wa tsibiranta su sayar mata ita kaɗai, tana kuma ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan sukarin maƙwabta. Dokokin Ingila na 1733 da 1764 a kan sukari da ruwansa suna cikin abubuwan da suka harzuƙa Amurkawa kafin yaƙin neman 'yancinsu.

1747 zuwa 1815: kishiyar da yaƙi ya kawo

A 1747 wani masanin sinadarai a Balin, Andreas Marggraf, ya nuna cewa bit, wani tsiro na ƙasashen sanyi mai farar saiwa mai kauri, yana ɗauke da sukari iri ɗaya da na rake. Binciken ya kwanta kusan shekara 50. Ɗalibinsa Franz Karl Achard ne ya tashe shi, kuma da taimakon sarkin Furusiya ya kafa masana'antar farko a Kunern, cikin yankin Silesiya, a 1801. Ana cewa 'yan kasuwar sukari na Ingila sun yi masa tayin kuɗi mai yawa domin ya fito ya ce gwajinsa bai yi nasara ba, ya ƙi. Labarin ya yaɗu, amma a matsayin abin da ake faɗa ya kamata a riƙe shi. Abin da babu shakka a kansa shi ne, bit na wancan lokaci sukarinsa kaɗan ne, kuma da an bar shi da rake su kara a kasuwa, da bai kai labari ba.

Yaƙi ne ya cece shi. A 1806 Napoliyon ya haramta wa nahiyar Turai ciniki da Ingila, jiragen yaƙin Ingila kuma suka tsare tashoshin Faransa. Sukari ya yi wuya, farashi ya hau. A Maris 1811 Napoliyon ya ba da umarnin shuka bit a hekta 32,000, ya ware kuɗi, ya sa aka buɗe makarantun koyar da aikin. A Janairu 1812 ya ziyarci masana'antar Benjamin Delessert a Passy, kusa da Paris, ya ba shi lambar girma. Bayar da lambar tabbas ne. Cewa ta ƙirjinsa ya cire nan take ya maƙala wa Delessert, wannan ƙarin masu ba da labari ne. Da aka ci Napoliyon a 1815 aka buɗe tashoshi, sukarin Karibiyan ya kwararo, yawancin masana'antun bit suka rufe. Waɗanda suka tsira sun fahimci cewa rayuwarsu tana hannun gwamnati, kuma daga wannan fahimta duk rigimar da za ta biyo baya ta samo tushe.

1815 zuwa 1902: yaƙin ladan fitarwa

A Faransa bit ya farfaɗo saboda harajin da ke kan sukarin tsibirai ya ba shi inuwa. Masu gonakin tsibiran suka yi kuka, aka sa wa bit haraji a 1837, har a 1843 aka kawo shawarar gwamnati ta biya masu masana'antun diyya ta rufe su baki ɗaya. Majalisa ta ƙi. A Jamus da Ostiriya-Hangari da Rasha kuwa, masana suna ta zaɓen iri, saiwar tana ƙara zaƙi shekara bayan shekara.

Tallafin da ya tayar da ƙura ba da sunan tallafi ya fara ba. Gwamnatocin suna karɓar harajinsu a kan nauyin saiwar da ta shiga masana'anta, bisa ƙiyasin cewa kaza na saiwa zai ba da kaza na sukari. Idan mai masana'anta ya fitar da sukarin waje, sai a mayar masa da harajin, amma a kan nauyin sukarin. To iri ya inganta, injuna sun inganta, saiwar tana ba da sukari fiye da ƙiyasin hukuma. Sai ya zama kuɗin da ake mayarwa ya fi wanda aka karɓa. Wannan rara ita ce ladan fitarwa: duk buhun da ya tsallake iyaka, baitulmali na biyan mai shi. A tsakiyar shekarun 1870 abin ya kai ga Ostiriya-Hangari ta mayar wa masu fitarwa fiye da dukan harajin sukarin da ta tara a kaka guda. Faransa ta ɗauki irin wannan tsari a 1884. Jamus ta koma biyan lada a fili a 1891 da niyyar janyewa sannu a hankali, amma a 1896 sai ta ninka shi, Faransa ta rama a 1897. Kowace ƙasa ta san asara take yi, kowace kuma tana tsoron ta zama ta farkon dainawa. A 1840 bit bai wuce kashi 5 cikin 100 na sukarin duniya ba. Zuwa 1900 ya kusa kashi biyu cikin uku.

Ina wannan sukari yake zuwa? Ingila. Ta soke bauta a 1833, ta fara daidaita kuɗin fito tsakanin sukarin tsibiranta da na waje a 1846, ta cire shi gaba ɗaya a 1874. Kasuwar Landan ta zama a buɗe ga kowa. Talakan Ingila ya sha shayi da sukarin Jamus a farashin da Bajamushe bai samu a gida ba, masu yin biskit da alewa suka bunƙasa. Amma matatun Girinok da Biristol suna rufewa, tsibiran Karibiyan kuma suna durƙushewa. Waɗanda ke yankan rake a lokacin 'ya'yan bayin da aka 'yanta ne, da leburorin ƙwadago da aka kwaso daga Indiya zuwa Morishas tun 1834, Guyana tun 1838, Tirinidad tun 1845. Ladansu ne ake zaftarewa duk lokacin da farashi ya faɗi. Hukumar binciken da Ingila ta tura tsibiran a 1897 ta tarar da sana'ar a bakin mutuwa.

An yi ta taro. A 1864 Ingila da Faransa da Beljiyam da Holan suka ƙulla yarjejeniya a Paris, ba ta yi aiki ba. A 1888 aka sa hannu kan wata a Landan, majalisar Ingila ba ta amince da ita ba, domin masu cin moriyar araha sun fi masu kuka ƙarfi.

Amurka ta bi tata hanyar, kuma abin da ya biyo baya ya nuna nisan da dokar sukari ke iya kaiwa. Tun 1876 sukarin Hawai ke shiga Amurka ba kuɗin fito. A 1890 dokar McKinley ta cire kuɗin fito ga ɗanyen sukarin kowa, ta kuma ba manoman cikin gida ladan senti 2 a kowace laba. Fifikon Hawai ya tafi a dare ɗaya. Turawan da ke da gonakin rake a can suka ga maslaharsu na cikin zama ɓangaren Amurka. A Janairu 1893 aka hamɓarar da Sarauniya Liliuokalani, a 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Akwai wasu dalilai, na siyasa da na soja, amma ba a ba da labarin faɗuwar wannan masarauta a bar rake a waje.

Abin da ya karya lagon masu biyan lada shi ne harajin ramuwa, wato ƙasar da ake kawo wa sukari ta ɗora masa haraji daidai da ladan da aka biya a kansa. Amurka ta yi haka a 1897, gwamnatin Turawa a Indiya ta bi a 1899. Da Joseph Chamberlain, ministan ƙasashen mulkin mallaka, ya ja gwamnatin Ingila ta yi barazanar ɗaukar wannan mataki, lissafi ya canja: ladan zai tashi daga baitulmalin Balin ya faɗa na Landan. Ranar 5 ga Maris 1902 aka sa hannu kan Yarjejeniyar Burasel, ta fara aiki 1 ga Satumba 1903. Ta soke lada na fili da na ɓoye, ta ƙayyade kuɗin fito, ta kuma kafa hukuma ta dindindin da za ta duba dokokin ƙasashe ta yanke, da rinjayen ƙuri'a, wace ce ke biyan lada. Ƙasashe masu cin gashin kansu su yarda wata hukuma ta waje ta yi hukunci kan harajinsu, wannan sabon abu ne a lokacin, shi ya sa masu tarihin ciniki ke ganinta a matsayin magabaciyar kotun da za a kafa a Jeniba bayan shekara 90 da ɗoriya.

1914 zuwa 1960: zamanin kaso

Zaman lafiyar bai daɗe ba. Ingila ta fice a 1913, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tattake gonakin bit na arewacin Faransa da Beljiyam da Folan. Kyuba ta cike giɓin. A Mayu 1920 labar sukari ta haura senti 22, aka ci bashi aka faɗaɗa gonaki. A Disamba ta faɗo ƙasa da senti 4. Bankunan Kyuba suka rushe, masana'antu da yawa suka koma hannun bankunan Amurka.

Yunwar sukari ta lokacin yaƙi ta sa kowace ƙasa ta ce sai ta noma nata. Ingila kanta, wadda ta yi shekaru tana la'antar tallafi, ta kafa dokar tallafa wa bit a 1925, da cewa na shekara 10 ne. Shekara 10 ta cika, tallafi bai tsaya ba. Aka koma neman magani ta hanyar raba kasuwa: yarjejeniyar Chadbourne ta 1931, wadda ta gaza domin waɗanda ba su shiga ba sun ƙara noma, sannan ta ƙasa da ƙasa ta 1937 da waɗanda suka biyo ta a 1953 da 1958 da 1968 da 1977. Amurka ta kafa nata tsarin a 1934, tana raba wa manomanta da ƙasashen waje kason da kowa zai kawo a farashi mai tsoka. Kaso ya zama sandar siyasa. A Yuli 1960 Shugaba Eisenhower ya yanke tan 700,000 daga kason Kyuba don ya hora Fidel Castro, Tarayyar Sobiyet ta ce za ta saya, kuma daga nan Kyuba ta jingina da Mosko har shekara 30.

1968 zuwa 1995: Turai ta koma gidan jiya

A 1968 Kasuwar Tarayyar Turai ta fara aiki da tsarinta na sukari. An ba kowace ƙasa kaso, ita kuma ta raba wa masana'antunta. Sukarin da ke cikin kaso, wanda ake kira A da B, yana da farashin da hukuma ta lamunce, an kuma gina katangar kuɗin fito ta hana na waje shigowa. Idan an samu rara a cikin kaso, a fitar da ita a biya mai ita bambancin da ke tsakanin farashin Turai da na duniya. Abin da ya haura kaso, sukarin C, dole ne a fitar da shi, a takarda ba tare da tallafi ba.

Da Ingila ta shiga Kasuwar a 1973, ta zo da alƙawarin da ta yi wa ƙasashen Kwamanwel tun 1951 na sayen sukarinsu. Aka zuba wannan alƙawari cikin Yarjejeniyar Lome ta 1975: tan miliyan 1.3 a shekara daga ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, irin su Morishas da Fiji da Guyana da Jamaika da Suwazilan, a farashin da ke bin na Turai. Ga waɗannan ƙasashe wannan kuɗi shi ne makaranta da asibiti. Amma Turai ta riga ta ƙoshi da nata sukarin, don haka sai ta riƙa fitar da kwatankwacin abin da ta shigo da shi, da tallafi. Cikin 'yan shekaru nahiyar da ke sayen sukari ta shiga sahun manyan masu sayarwa.

A 1978 Ostireliya da Brazil suka kai ƙara ƙarƙashin yarjejeniyar ciniki ta GATT. Kwamitocin shari'a, a 1979 da 1980, suka yarda tsarin Turai yana danne farashi kuma barazana ne ga masu ƙara, amma suka ce ba a tabbatar ta ci fiye da rabonta na kasuwa ba. Ba abin da ya canja. Farashin da ya kai senti 60 da ɗoriya a 1974 ya faɗo ƙasa da senti 3 a tsakiyar 1985, abin da bai kai kuɗin noma a ko'ina a duniya ba. A tsibirin Negros na Filifin, inda rake ne kusan komai, yara suka mutu da tamowa. Mutanen Shugaba Marcos da suka mamaye cinikin sukarin ƙasar suna da nasu alhakin, amma faɗuwar farashin daga waje ta zo.

Amurka ta maido da kaso a 1982, ta riƙe farashin gida a sama, har kamfanonin Coca-Cola da Pepsi suka koma amfani da zaƙin masara a 1984. Kasuwar ƙasashen rake ta ƙara tsukewa. Nikaragwa, wadda aka yanke wa kaso saboda siyasa, ta yi nasara a GATT a 1984 ba ta samu komai ba. Ostireliya ta yi nasara a 1989, Amurka ta sauya wa tsarin fasali a 1990: wani adadi ya shigo da kuɗin fito kaɗan, abin da ya haura a ɗora masa wanda ba mai iya biya.

Nijeriya ta ɗanɗana wannan zamani ta ɓangaren mai saye. Masana'antar Bacita da ta fara aiki a 1964 da ta Savannah a Numan da ta fara a 1980 sun yi fama da rashin kula da ƙarancin kayan gyara, kuma a lokaci guda suna gasa da sukarin da baitulmalin wasu ya sauƙaƙa. Har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na sukarin da ake sha a ƙasar daga waje yake zuwa, yawancinsa ɗanye daga Brazil, a tace shi a gida. Babban tsarin sukari da gwamnati ta amince da shi a 2012, mai haɗa izinin shigo da ɗanye da sharaɗin noma rake, kaso ne da kuɗin fito, kayan aikin da Turai da Amurka suka daɗe da riƙewa.

2002 zuwa 2017: hukuncin Jeniba

Tattaunawar da aka rufe a Marakesh a 1994 ta haifi Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, a 1995, da kotunta ta Jeniba, wadda a lokacin wanda aka kayar ba zai iya toshe hukuncinta ba. Turai ta ɗauki alƙawarin kada sukarin da take fitarwa da tallafi ya wuce tan 1,273,500 a shekara, kuɗin kuma kada ya wuce yuro miliyan 499.1. A aikace kuwa, a lokacin tana fitar da wajen tan miliyan 5, farashinta na gida kuma ya kai ninki uku na farashin duniya.

A Satumba 2002 Brazil da Ostireliya suka shigar da ƙara, Tailan ta bi a 2003. Turai ta kawo hujja biyu. Ta ce sukarin C ba ya karɓar ko sisi daga hukuma. Ta kuma ce wani ɗan bayani da ta rubuta a ƙasan jadawalin alƙawarinta ya cire tan miliyan 1.6, kwatankwacin abin da take saye daga ƙasashen Lome da Indiya, daga lissafi. Kwamitin shari'a a Oktoba 2004, da kotun ɗaukaka ƙara ranar 28 ga Afrilu 2005, suka yi watsi da duka biyun. A kan sukarin C hujjar alƙalan mai sauƙin fahimta ce: manomi da mai masana'anta suna sayar da shi ƙasa da abin da suka kashe, kuma ba za su iya haka ba sai don ribar da hukuma ta lamunce musu a kan A da B ta riga ta biya kuɗin injuna da gini. Tallafi ne, ko da ya biyo ta bayan gida. Aka ba Turai zuwa 22 ga Mayu 2006 ta gyara.

A Nuwamba 2005 ministocin noma na Turai suka amince da shirin kwamishina Mariann Fischer Boel: rage farashi da kashi 36 cikin 100 cikin shekara 4, daga yuro 631.9 zuwa 404.4 a tan. An biya manoman bit kusan kashi 64 cikin 100 na asararsu, an ba masana'antar da ta ajiye kasonta yuro 730 a kowane tan a shekarun farko. Kusan tan miliyan 6 na kaso ya tafi, masana'antu wajen 80 suka rufe, Ailan da Latbiya da Silobeniya suka daina yin sukarin bit kwata-kwata.

A ganina hukuncin Jeniba daidai ne. Ba adalci ba ne ƙasa mai arziki ta yi amfani da baitulmalinta ta karya farashin abin da matalauta suka fi ta iya nomawa. Amma wajibi ne a faɗi wanda ya ɗauki nauyi mafi tsanani. Ƙasashen Lome sun shiga shari'ar suna goyon bayan Turai, domin farashinsu a ɗaure yake da nata. Da ya faɗi, nasu ya faɗi, kuma abin da aka ware musu bai kama ƙafar na manoman Turai ba: yuro miliyan 40 a 2006, sannan kimanin biliyan 1.2 daga 2007 zuwa 2013, a raba tsakanin ƙasashe 18. Sen Kits, wadda ta daɗe tana asara, ta yanke rakenta na ƙarshe a 2005 bayan fiye da shekara 300. Tirinidad ta rufe a 2007. Guyana ta rufe gonaki huɗu a 2016 da 2017, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Morishas ce ta fi iya juyawa, ta haɗe masana'antunta, ta koma tace sukari da samar da lantarki daga tuƙar rake. Alƙawarin Lome ya ƙare a 2009, kason Turai kansa ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2017. Wadda ta fi cin riba ita ce Brazil, kuma ita ma ba da hannu wofi ta kai inda ta kai ba: shirin gwamnati na 1975 na mayar da rake man mota shi ya gina mata manyan masana'antun da ke juyawa tsakanin sukari da man duk inda riba ta fi.

2014 zuwa yau: Indiya da kotun da ba alƙalai

Ƙananan rigingimu ba su yanke ba. Amurka da Meziko sun yi shekaru suna ja kan zaƙin masara da sukari, har a Disamba 2014 Meziko ta yarda a ƙayyade mata yawa da farashi. Brazil ta kai Tailan ƙara a 2016, Tailan ta gyara dokokinta kafin a kai ga zaman shari'a.

Ta Indiya daban ce, domin wanda ake tallafawa ba hamshaƙin manomi ba ne. Kimanin mutum miliyan 50 ne ke noman rake a can, yawancinsu masu 'yan ƙananan gonaki a jihohin Uttar Pradesh da Maharashtra da Karnataka. Kowace shekara gwamnatin tarayya na yanke farashin da dole masana'anta ta biya manomi, wasu jihohi kuma su ƙara nasu a kai. Rake ya fi sauran amfanin gona tabbas, sai kowa ya shuka. Sukari ya yi yawa, farashinsa ya faɗi, masana'antu suka kasa biyan manoma, bashi ya taru. Don a warware, gwamnati ta riƙa biyan masana'antu su fitar da rarar. A kakar 2019 zuwa 2020 ta ware rufi 10,448 a kan kowane tan, har tan miliyan 6.

A farkon 2019 Brazil da Ostireliya da Gwatamala suka kai ƙara. Indiya ta ce ba gwamnati ke sayen raken ba, masana'antu ne ke biya, saboda haka ba tallafin hukuma ba ne. Ta daɗe kuma tana ƙorafin cewa ana auna tallafi da farashin 1986 zuwa 1988, wanda hauhawar farashi ta bari a baya, kuma wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya. Ranar 14 ga Disamba 2021 kwamitin ya yanke cewa daga kakar 2014 zuwa ta 2018 tallafin ya ninka iyakar kashi 10 cikin 100 na darajar amfanin gona sau da yawa, ya kuma ba da kwana 120 a janye tallafin fitarwa.

Kafin watan ya ƙare Indiya ta ɗaukaka ƙara. Sai dai kotun ɗaukaka ƙarar ta daina zama tun Disamba 2019, domin Amurka ta hana a naɗa sababbin alƙalai, kuma a ƙa'idar WTO hukuncin da aka ɗaukaka ba ya aiki sai an saurare shi. A halin da ake ciki kasuwa ta juya. Indiya ta karkatar da rake mai yawa zuwa man mota, ruwan sama ya yi ƙaranci, ta taƙaita fitarwa a 2022, ta kusan tsayar da ita daga Oktoba 2023. A Nuwamba na wannan shekara farashin ɗanyen sukari ya kai inda bai kai ba cikin shekara 12, ƙasashe masu saye irin Nijeriya suka biya. Farashin raken da Niyu Delhi ke yankewa, wanda shi ne tushen ƙarar, ya tashi daga rufi 275 a kan kilo 100 a kakar 2018 zuwa rufi 340 a kakar 2024, hukuncin 2021 kuma ba wanda zai iya tilasta shi sai an sake naɗa alƙalai a Jeniba.